Zuwa Birka, da gardamar samurai a hanya

Jirgin ruwan da ke zuwa Birka, kufan tsohon garin 'yan Viking a ƙasar Sweden, daga gefen zauren birnin Stockholm yake tashi, kuma sai an yi kusan awa biyu ana ratsa tafkin Malaren kafin a isa tsibirin Bjorko. Ɗan yayata mai karatu a Uppsala shi ne jagorana. Ko gari ba mu gama fita ba ya tsokano zancen samurai, mayaƙan Japan na da: "Kawu, in aka haɗa mayaƙin Viking da samurai, wa zai sha ƙasa?" Shi dai ya riga ya yanke hukunci, wai takobin katana zai raba garkuwar katako biyu.

Na ce masa, "Yaro, samurai na wane zamani?" Birka ta kafu wajen shekarar 750, aka watse daga cikinta wajen 975. A lokacin, mayaƙin Japan barde ne mai harbi daga kan doki, da baka mai tsawon fiye da mita biyu. Irinsu ne suka mara wa Taira no Masakado baya a tawayen da ya ƙare da kashe shi a 940. Katana sai bayan ƙarnuka ta yi tashe.

Da muka sauka, gari babu shi. Ciyawa ce da tumaki, da tarin ƙasa na dubban kaburbura, sai wasu gidajen katako da aka gina don baƙi su ga yadda ake zama a da. Muka hau dutsen da ganuwa ta kewaye, inda gicciyen tunawa da Ansgar, ɗan mishan da ya kawo wa'azin Kiristanci garin, yake. Iskar wurin ba ta da mutunci, ga shi ana cewa lokacin zafi ne.

A gindin dutsen ne sansanin dakarun garin yake, kuma nan gardamar ta yi mini daɗi. Masu tono sun samu ƙananan faya-fayan ƙarfe na sulke, waɗanda ake jerawa a ɗaure da igiyar fata, irin na mahaya dawakin tsakiyar Asiya. Sulken baradan Japan ma da ƙananan faya-fayai ake saƙa shi, dabarar da ta iso musu ta Koriya da Sin. 'Yan Viking da baradan Japan ba su taɓa haɗa ido ba, amma kaya sun yi ta tafiya hannu zuwa hannu. An tono siliki da dirhamin Larabawa a Birka. A tsibirin Helgo, cikin wannan tafkin, an samu ɗan gunkin Buddha na tagulla wanda bai kai tsawon tafin hannu ba, ƙirar yankin Swat na Pakistan ta yau. Na gan shi a gidan tarihi na Stockholm kafin mu taho. Su kansu 'yan Viking sun bi kogin Volga, inda matafiyin nan Ibn Fadlan, jakada daga Bagadaza, ya gamu da su a 922, har suka kai hari gaɓar tekun Kasfiyan.

A ganina, da jiragensu sun isa Japan, ranar farko tasu ce. Haka aka yi a 1019, da 'yan fashin teku na ƙabilar Jurchen ta yankin Manchuria suka zo da jirage kusan 50, suka afka wa tsibiran Tsushima da Iki na Japan, suka kwashi mutum sama da 1,000. Amma da suka iso gaɓar Hakata, mai riƙe da yankin, Fujiwara no Takaie, ya tara mayaƙan tsibirin Kyushu suka kore su. Dakare mai gatari da mashi, in ya yi nisa da jirginsa a fili, barde zai yi ta kewaya shi yana ɗirka masa kibiya har ya gaji.

Yaron bai yarda ba. Ya ja ni wajen kabarin da mai binciken kayan tarihi Hjalmar Stolpe ya tono a 1878, mai takobi da gatari da mashi da kibau da dawaki biyu, wanda gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna a 2017 cewa mace ce a ciki. "To Kawu, ga namu barden, ita ma da doki da baka." Muna cikin wannan jirgi ya yi ƙahon komawa, muka gangara da sauri.