Talata: ruwan batir, soda da lambobi uku

Yau tun bayan tara ina ɗakin gwaji da 'yan aji shida, har aka kira azahar. Jarrabawar WAEC ta ƙarato, kuma aikin taitireshan, wato ɗiga asid cikin soda har su kashe juna don a gano ƙarfin ɗayansu, ba ya wuce ɗalibin kimiyyar sinadarai, don haka na haɗa musu ruwan batir, wato H2SO4, wanda na tsinka shi sosai ban gaya musu ƙarfinsa ba. Su za su gano shi da kansu.

A kwalbar gwaji kowa ya zuba 25.0 cm3 na ruwan soda, NaOH, irin wadda mata ke saya a Sabon Gari su haɗa sabulu, sai dai tamu mai tsabta ce, ƙarfinta 0.100 mol (ma'aunin yawan sinadari) a kowane dm3, wato lita ɗaya. Aka ɗiga metil oranj, sinadarin da ke sauya launi tsakanin asid da soda, ɗigo biyu, ruwan ya zama ruwan ɗorawa. Asid kuma yana cikin buret, doguwar kwalba mai zanen awo da famfo a ƙasa. Na ce musu abin da za su yi iyayensu mata sun riga su yi: miyar yakuwa in ta yi tsami, kanwa ake sa mata. Bambancin kawai mu muna ƙirga kowane ɗigo.

Rukunin da na tsaya a kansu sun sami 24.10 a gwajin farko na share fage, sannan 23.60, 23.50 da 23.55. Muka ajiye na farko, matsakaicin sauran ya ba da 23.55 cm3. Na ji daɗin hannun yarinyar da ke riƙe da famfon buret ɗin. Da launin ya fara rawa sai ta koma sakin ɗigo ɗaya-ɗaya, tana kaɗa kwalbar, har ya tsaya a ruwan goro bai kai ga ja ba. Ɗigo ɗaya kusan 0.05 cm3 ne, kuma shi kaɗai ya isa ya juya launin.

Lissafin ba shi da wuya. Mol na soda 0.00250 ne. Tunda mol ɗaya na H2SO4 sai da mol biyu na NaOH yake mutuwa, asid ɗin 0.00125 ke nan. A raba da 0.02355 dm3, wato 23.55 cm3 ɗin nan, a sami ƙarfin asid ɗin. Waɗanda suka manta da wannan biyu-da-ɗaya sun fito da 0.106, ninki biyu cif na amsar gaskiya, kuma da na nuna musu ma'aunin sinadaran a allo suka gyara.

Inda muka daɗe shi ne rubuta amsa. Wani yaro ya kwafe duk abin da kalkuleta ta nuna masa, 0.053078556, ya ce, "Malam, ai wannan ya fi daidai." Na tambaye shi wane ma'auni ne a ɗakin nan ya auna masa lamba ta takwas. Buret ɗinmu zanensa na 0.1 ne, ido ke ƙiyasta abin da ke tsakani. Ƙarfin sodar kuwa lambobi uku muka sani, 0.100, ga shi soda tana zuƙar danshi da iskar kabon daga sarari, in an bar ta a buɗe ƙarfin ma sauka yake yi. Amsa ba ta fin mafi raunin ma'aunin da ya haife ta inganci. Saboda haka 0.0531 za a rubuta. Sifilin da ke gaba ba ya shiga ƙirga, matsayi kawai yake riƙewa.

Wata kuma ta rubuta 0.05, ta zubar da wahalar da ta sha a tsaye. Wannan ya fi damuna, domin ta auna da kyau amma takardarta tana cewa kintace ta yi. Haka da muka juya zuwa giram, 98 (nauyin mol ɗaya na H2SO4) sau ƙarfin asid ɗin, aka sami giram 5.20 a kowane dm3, da yawa suka share sifilin ƙarshe. Na hana. 5.2 da 5.20 ba magana ɗaya suke faɗa wa mai duba takarda ba, kuma a nan ake asarar maki.

Da yamma na biya ta Tudun Wada na sayi busasshen zoɓo. Ruwansa ja ne a cikin asid, yana komawa kore a cikin soda, ina so ranar Alhamis su gwada shi gefe da gefe da metil oranj, su ga ko adadin da buret zai nuna zai zo ɗaya.