Yadda za ka hana burauza cinye maka data ba tare da ka kashe sabuntawa ba

A shagunan kwamfuta na Samaru da Kongo a Zariya, lokacin rajistar ɗalibai ko cike fom ɗin JAMB, kwamfuta biyar ko shida sukan rataya a kan MiFi guda. Kowace Chrome da ke ciki tana sauke sabuntawarta ita kaɗai a ɓoye, ba ta tambayar kowa. A 2021 Google ta koma fitar da sabon babban zubi (version) na Chrome duk mako huɗu, ban da ƙananan gyare-gyaren tsaro da ke shigowa a tsakani, Firefox ma ta koma hakan a 2020. Shi ya sa data ke ƙarewa mai shago bai san inda ta bi ba.

Abin da mutane suka fi yi shi ne su shiga services.msc na Windows su kashe Google Update, mai sabunta Chrome, ko su canja wa fayil ɗinsa suna. Wannan gyaran gangar auzinawa ne. A watan Satumban 2023 an gano wata ɓaraka a yadda burauzoji ke buɗe hoton WebP, wadda buɗe shafi kawai kan isa a cutar da na'ura, kuma sabuntawa ce ta toshe ta a Chrome da Firefox da Edge. Kwamfutar da ake shigar da lambar BVN da katin banki na mutane ba ta dace da tsohon zubi ba. Abin da ake so shi ne kai ka zaɓi lokacin da za a sauke, da layin da za a sauke a kai.

Firefox ce ta fi sauƙin kai. Shiga Settings, sai General, ka gangara zuwa Firefox Updates, ka zaɓi layin da ke cewa ta duba amma ta bar ka ka yanke shawarar sakawa. Zaɓin hana dubawa gaba ɗaya an cire shi tun zubi na 63, don haka kada ka ɓata lokaci wajen nemansa. Wanda ke kula da kwamfutoci da yawa zai iya ƙirƙirar folda mai suna distribution a inda aka girka Firefox, ya sa fayil policies.json mai ɗauke da DisableAppUpdate a matsayin true, wanda ke hana ta sabuntawa gaba ɗaya, sannan ya buɗe about:policies ya tabbatar ta karɓa. Sai dai a kula: ranar 14 ga Maris 2025 wata takardar shaida ta cikin Firefox ta ƙare, masu tsofaffin zubin da ba a sabunta ba suka ga ƙarin kayan aikinsu (add-ons) sun daina aiki. Idan yawan canji ne ya dame ka, Firefox ESR ce magani, gyaran tsaro take karɓa, babban canji kuwa kusan sau ɗaya a shekara.

Edge tana girmama layin da aka yi wa alamar awo. A Windows ka shiga Network & Internet, ka danna sunan MiFi ɗin, ka kunna Metered connection. Sannan a edge://settings/help ka tabbatar maɓallin saukewa a kan irin wannan layi a kashe yake.

Chrome ce mai taurin kai. Babu maɓalli a cikinta. Akwai dokoki a rajistar Windows (Registry), ƙarƙashin Policies\Google\Update, inda UpdateDefault mai lamba 2 ke nufin sai ka nema da hannu, amma ana bin su ne a kwamfutar da ke ƙarƙashin kulawar ma'aikata, irin wadda aka haɗa da domain, wato cibiyar da ke sarrafa kwamfutocin ma'aikata. A kwamfutar gida sau da yawa za ka rubuta, ta yi kunnen uwar shegu. Kuma buɗe chrome://settings/help kansa yana tayar da saukewa nan take, kada ka leƙa shi kana kan datar waya.

A wayar Android kuwa, Play Store ce ke riƙe da linzami: hotonka na sama, Settings, Network preferences, Auto-update apps, ka zaɓi Wi-Fi kaɗai. Ga tarkon: hotspot ɗin abokinka da MiFi duk Wi-Fi ne a wurin waya. Shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin ka mai da shi na awo, ko ka buɗe shafin Chrome a Play Store, ka danna ɗigo uku, ka cire alamar sabuntawa da kai, ka riƙa yi da hannu duk mako idan ka samu datar dare mai araha.

Masu tsohuwar kwamfuta mai Windows 7, wadda har yanzu ba a rasa ta a Sabon Gari da Tudun Wada, ba su da abin kashewa a Chrome: ta tsaya a zubi na 109 tun farkon 2023. A riƙa buga takardu da kwamfutar, harkar banki a koma wata na'urar.