Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Mai Littafi

Makon jiya na tsaya a inda yaran shago suka ɗauko ni a keke mai ƙafa uku suka kai ni gida, zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ni, cikin watan Agusta na 2023. Na yi muku alkawarin labarin tafiyata Gada. Ku yi mini haƙuri, sai na fara sauke wannan tukuna, domin ba don shi ba da tafiyar ba ta zo yadda ta zo ba.

Kwana huɗu na yi a kwance. Ran na uku jiki ya ɗan saki, amma ƙafa ba ta ɗaukata, ga ruwa ana ta yi. Ɗana Bello ya ga na gaji da kallon silin, ya ɗauki wayata ya ce zai kai wa masu tura fina-finai.

"Baba, mi za a sa maka?"

Na ce a nemo mini Mother India. Ya tsaya yana kallona. "Wanga ai fim ɗin tsohhi na, Baba." Na ce to da yaro kake magana? Ya yi dariya ya fita.

Sai na koma da ku Rijiyar Ɗorowa, unguwarmu a cikin Sakkwato, wajen 1990, ina ɗan shekara 11. A layinmu gida ɗaya ne ke da bidiyo, kuma ɗan mai gidan ya mayar da zauren wurin neman kuɗi. Sule biyar ake biya. Wanda ba shi da su yakan kawo gyaɗa ko rake a yi masa sassauci, ko ya laɓe a bakin tagar da aka toshe da buhu. Mu fi talatin a kan tabarma biyu, talabijin ɗin kuwa bai fi faifai girma ba. In hoto ya fara rawa sai a zaro kaset a hura masa iska, in an ɗauke wuta a zauna cikin duhu ana gardamar abin da zai faru, alhali duk mun sani. Ni dai na ƙirga, sau tara na kalli fim ɗin nan a zauren.

Babu mai jin Indiyanci a cikinmu, amma muna da Malami. Ya girme mu da kamar shekara huɗu, ya taɓa shiga silima da wani yayansa, saboda haka shi ne mai fassara. Yakan zauna gaba, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Ku yi kurum! Shina ce mata in ba ta ba shi gadon ubanai ba, shina kai ta gun alƙali." Mu kuwa mu ce, "Kai!" A bakin Malami, rikicin fim ɗin duka na gado ne. Haka na riƙe shi a kaina shekara talatin da uku.

Abu ɗaya ya faɗa mana na gaskiya, shi ne kuma muka ƙaryata. Ya ce uwar nan da ɗanta mai taurin kai, a waje mata da miji ne. Saura kaɗan a yi dambe ranar. Ashe haka ne: Nargis da Sunil Dutt duk a 1929 aka haife su, gobara ta rutsa da ita ana cikin ɗaukar fim ɗin ya shiga ya fito da ita, suka yi aure a 1958, 'yan watanni bayan fitowarsa. Su ne suka haifi Sanjay Dutt, wanda mu Hausawa muka raɗa wa ɗan daba mai lasin. Malami, in kana raye kana karantawa, ka yafe mana.

Mu yara Birju, ɗan nan mai taurin kai, muke zuwa kallo. Rabin farko na fim ɗin, inda ake ta noma da kuka da waƙa, ihu muke yi a tura gaba. Jira muke ya girma ya hau doki ya rataya bindiga. In ya shigo gari da mutanensa zauren kamar ya tsage, har da masu tsayawa kan ƙafa suna buga bango. Da uwar ta ɗaga bindiga ta harbe shi kuwa, na tsani matar nan tsana ta gaske. Na taɓa kwana ban ci tuwo ba saboda haushi. Wace irin uwa ce wannan?

Sau ɗaya Inna ta taɓa ganinsa. Bikin wata 'yar maƙwabta ne, aka aro bidiyon aka shigo da shi cikin gida don mata, aka ɗora talabijin kan turmin da aka kife. Ni na zaɓi kaset ɗin, ina ta rawar jiki Inna za ta ga Birjuna. Ba a yi nisa ba, daidai inda mai ba da bashi ya zo masussuka ana auna masa hatsi, sai ta miƙe ta gyara lulluɓi. Na ce, "Inna, ba a zo wurin daɗin ba!" Ta ce, "Tukunya nib bari bisa wuta." Ba ta dawo ba. Na ji haushinta ita ma.

To, Bello ya dawo da waya. Wanda aka tura mini yana da rubutun Turanci a ƙasa, karo na farko ke nan da zan ji abin da mutanen nan suke faɗa da bakinsu. Minti ashirin ban yi ba na tashi zaune.

Babu gado ko na anini. Bashi ne. Uwar ango ta ci bashin rufi 500, kuɗin Indiya, wurin Sukhilala mai ba da bashi don a yi bikin ɗanta, aka yi saɓani kan sharaɗin, dattawan gari suka ba mai kuɗi gaskiya. Daga nan duk kaka kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne, kuma wannan ruwan kuɗi ne kawai, uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba. Mijin ya je fasa wata gona mai duwatsu don su samu abin da ba a rabawa, dutse ya murƙushe masa hannuwa biyu, kunya ta sa ya bar gida bai sake dawowa ba. Shanu suka tafi, awarwaron auren matar, uwar Birju, ya tafi jingina, ta koma ita ke jan garma da kafaɗarta. Duk wannan shi ne wurin da muke ihu a tura gaba.

Waƙoƙin har yanzu sun yi mini yawa, ba zan ɓoye ba, fim ɗin kuma ya kusa awa uku, akwai wuraren da an ja su kamar ƙaro. Amma ko sau ɗaya ban taɓa allon wayar ba.

Birju ne ya fara ba ni kunya. Gwarzon nawa ashe ɗan iskan gari ne, ba ya aikin fari ba ya na baƙi sai tsokanar 'yan mata. Zaluncin da aka yi wa gidansu gaskiya ne, fushinsa ma yana da tushe, na yarda. Amma da ya kashe mai bashin, sai ya saɓi 'yar mutumin ranar aurenta ya ɗora kan doki. Ni da ke da ɗiyata Nana a gida, an riga an kawo kuɗin gaisuwarta. Ni da ke da abokan ciniki a Sabon Birni da Isa da Rabah waɗanda suka bar gonakinsu suka dawo cikin gari suna kwana a kangaye. Tun harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar Goronyo a Oktoba na 2021, babu Basakkwacen da zai ga mutum da bindiga ya shigo ƙauye da zugarsa ya tafa masa. A 1990 abin nan almara ne daga wata ƙasa mai nisa, shi ya sa muke buga bango. Da matar ta ɗaga bindigar a wannan karon, ban ji daɗi ba, amma ban zage ta ba. Na rufe ido dai.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni barci daban ne.

Waɗanda suka biyo ni tun kashi na 9 sun san sana'ata: taki da iri da maganin feshi nake sayarwa, ina kuma sayen albasa. Manomi zai zo daga Kware ko Wurno ko Gada lokacin shirin rani, ba shi da ko sisi. In ba shi taki, in ba shi kuɗin man injin ban ruwa, in rubuta. In an cire albasa, wajen Maris zuwa Afrilu, ni zai kawo wa, a farashin ranar, lokacin da ta cika kasuwa har ana tattaka ta. Ni kuma in zuba a rudu, wurin ajiyar albasa, in jira. Kafin Nuwamba ko Disamba ta yi tsada, wata shekarar har ninki uku. Ban taɓa ɗora wa kowa ruwa ba, wannan Allah ne shaidata, kuma duk wanda ya taɓa ajiyar albasa ya san rabi kan iya ruɓewa a bar ka da wari. Da wannan nake kare kaina duk lokacin da zancen ya taso a majalisa.

Littafin da nake rubuta bashin, mai baƙin bango, yana kan katifa kusa da ƙafata a daren. Na sa an kawo mini shi daga shago don in duba wa da wa zan ba bana, tunda taki ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, ga shi an cire tallafin mai a ƙarshen Mayu. Ina kallon Sukhilala zaune da littattafansa, yana magana a hankali, yana nuna shi mai taimako ne, sai idona ya sauka kan nawa. Sau tara na kalli mutumin nan ina yaro, ina jiran a kashe shi. Ban taɓa lura cewa yadda yake lallashin mai neman bashi haka nake yi ba. "Kada ka damu, ai mun zama ɗaya." Kalmata ce wannan, kullum.

Na jawo littafin na buɗe. Mafi yawan shafukan babu sa hannu, dangwale ne da babban yatsa. Wasu sun iya ajami, amma ni da boko nake rubutawa, ba su san abin da ke kan takardar ba sai abin da na faɗa musu. Akwai wani dattijo, ba zan kama sunansa ba, da shafinsa ya faro tun ambaliyar Satumba ta 2010, wadda ta cinye gadar hanyar jami'a ta share fadamun bakin gulbin Rima. Shekarar ya rasa komai, na ɗaga masa ƙafa, har ya yi mini addu'a da hawaye. Na juyo da bashin zuwa sabon littafi, daga nan zuwa wani. Shekara 13 yana kawo mini albasa, ba shi da ikon kai wa wani, kuma shafin bai rufe ba.

Maiɗakina ta shigo da kunu ta tarar da ni haka, waya a hannu ɗaya littafi a ɗaya.

"Alhaji, jikin ne?"

Na ce a'a, lissafi ne. Ta leƙa wayar, ta dubi littafin, ta ajiye kofin ta fita ba ta ce uffan ba. Da ta yi magana da ya fi mini.

Ba zan yi muku ƙarya in ce gari na wayewa na yayyaga littafin ba. Kuɗin da ke ciki ba nawa ne ni kaɗai ba, akwai na mutanen da suka ba ni amana, ni ma kuma akwai littafin da sunana ke ciki a wajen dilan taki. Har cewa na yi a raina ai fim ne, Indiyawa ne, su riba suke ci ƙiri-ƙiri, ni ciniki nake yi. Na kai kwana biyu ina wannan gardama da kaina, ina cin nasara da rana, da dare in sha kaye.

Ran Juma'a da na samu ƙarfi, bayan an sauko daga masallacin Shehu, na wuce Rijiyar Ɗorowa gaida Inna. Ta haura saba'in, ido ya yi rauni amma kunne garau. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, kin tuna bikin da aka kawo bidiyo cikin gida, kika tashi kika ce kin bar tukunya a wuta?"

Ta yi shiru har na ɗauka ba ta ji ba.

"Wace tukunya? Ranar ko wuta ba mu hura ba, tuwon biki munka ci."

Na ce to me ya tashe ki?

"Shekarar ta anka amshe fadamar ubanka ta Kware. Jingina ta, ta buhu shida na gero. Kai kana ta tsalle kana nuna man doki." Ta gyara zaman carbinta. "Ni ban jin yarensu, amma na san awo in nig ga ana yi nai."

Ban taɓa sanin Baba ya mallaki fadama ba. A sanina tun fil azal ɗan dako ne a tsohuwar kasuwa, haka na rubuta muku a kashi na 2, kuma yanzu dole in koma in gyara.

Na tambaye ta wa ya karɓa. Ta ce ya daɗe da rasuwa, Allah shi jiƙan Musulmi, kada in tono abin da ƙasa ta rufe. Sai ta juya zancen, ta ce yaya kasuwa, mutanen ƙauye suna biya kuwa? Na ce suna biya, Inna. Ta ce, "Madalla. Allah shi yi albarka."

Da na fito na tarar da yara biyar a zauren da muke kallo, yanzu shagon cajin waya ne, sun haɗa kai kan waya ɗaya suna kallon wani fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa, suna ihu jarumi ya tashi mutum goma da naushi ɗaya. Na ɗan tsaya a bayansu. Ɗaya ya waigo ya ce, "Baba, a matsa maka?" Na ce a'a, ku ci gaba.

Washegari da asuba na sa littafin a jaka na hau motar Gada. Yadda muka yi da dattijon nan, da abin da ɗansa ya faɗa mini a gaban mutane, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.