Goron ƙasa da na saya a kurmin Tepa

Har yau in na tuna kwando 6 na goro da na juye a bola bayan gidanmu a unguwar Aboabo ta Kumasi, a ƙasar Ghana, sai in ji abu ya tokare mini ƙirji. Kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai. Fiye da rabi na kawuna ne, wanda ya sa ni a harkar tun da ciwon ƙafa ya hana shi shiga kurmi.

A makon ƙarshe na Satumbar bara na bar Kumasi zuwa wani ƙauye da ke gaba da Tepa, inda kawu ya yi shekaru yana sayen goro. Ni a arewa na girma, wajen kakata, kuma a can in Oktoba ta matso ana maganar kaka ne, ruwa na shirin ɗaukewa. Da wannan lissafin na shiga mota. Amma kurmin Asante damina biyu yake yi: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ruwa ya ɗan tsagaita a Agusta, sai ƙarama ta dawo a Satumba da Oktoba. A tsakiyar ƙaramar na sauka.

Kurmin kuwa ya farka gaba ɗaya. Duk yamma sai an yi ruwa, da safe ƙasa na tururi. Naman kaza ya feso a jikin suri, yara na fita tun asuba suna cika roba da katantanwa suna kai wa bakin titi. Malam-buɗe-littafi kala-kala sun rufe duk inda ruwa ya kwanta a hanya, irin waɗanda mutane ke biyan kuɗi su je kallo a gandun dajin Bobiri da ke kusa da Kumasi. Koko ya fara yin ruwan ɗorawa a jikin itace. Sau biyu muna tsallake jerin kwarkwasa da ya ratsa hanyar gona kamar baƙar igiya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan kurege da gafiya da gyazbi, da rana tsaka suna gilmawa. Manomin da ya sauke ni ya ce ai lokacin haihuwar namun daji ne, shi ya sa ma hukuma ke rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, in ban da gyazbi ga mai takardar izini. Na saurara, na ji daɗin labarin, ban kuma haɗa shi da gorona ba ko kaɗan. Nan ne na faɗi.

Goron manomin nan na sama ne, wanda aka tsinko da dogon sanda mai lauje a baki, amma kwando 4 kawai ya samu, don kakar goro ba ta kankama ba tukuna. Ni kuma ina son in riga kowa shiga kasuwa da sabon goro. Sai wasu samari suka kawo mini buhuna, farashi ƙasa da na manomin sosai. Manya ne, ja da fari, an ɓare an wanke, suna sheƙi. Matar gidan, tsohuwa, ta ɗauki guda ta jujjuya, ta kira ni da sunan da mutanen Asante ke kiran Musulmi, ta ce mini, "Kramo, wannan na ƙasa ne, tsintar sa aka yi." Na ce Maame, goro ai goro ne. Ba ta sake cewa komai ba.

Abin da ta sani ni ban sani ba shi ne wannan. Iskar ruwan Satumba na kaɗo kwanson goro ƙasa. Kuregen nan da gafiyar da nake kallo ina sha'awa su ke gwaguye kwanson su bar shi a buɗe cikin danshi. Ta nan ƙwaron sankara ke shiga, ya huda goro ya sa ƙwai a ciki. Hujin ƙarami ne ƙwarai, in an wanke goron ba kowane ido ke kama shi ba. Tsutsar tana ci daga ciki, waje na nan lafiya lau. Wajen wata guda ta zama ƙwaro, ta fito, ta huda na kusa da ita.

Ni kuwa na haɗe su. Wannan ne ya fi ci mini rai, fiye da sayen ma. Da na ware na samarin daban, da asarar ta tsaya a kansu. Amma don kwanduna su cika su yi kyau, na zuba na ƙasa cikin na sama, na shimfiɗa ganyen fita, na ɗaure. Ban ma bar shi ya gama zufa, wato ya fitar da danshinsa, a buɗaɗɗen kwando ba, kwana biyu kawai na ba shi saboda ina gudun kada hanya ta lalace mota ta kasa fita. Jiƙaƙƙen goro, cikin ganye, cikin zafin ɗaki.

Mako uku da dawowata kawu ya ce a kwance masa ɗaya ya gani. Ya sa hannu can ƙasa, ya zaro, ya ɓare da farce. Gari ne mai ruwan ƙasa ya zubo masa a tafi, tsutsa fara na motsi a tsakiya. Ya ɓare na biyu, na uku. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, wa ya tsinko wannan?" Na ce kawu, saya na yi. Ya ce, "Na san saya ka yi. Na ce wa ya tsinko?" Ba ni da amsa.

Kwana huɗu muka yi ni da ƙannena muna tsince ɗaya bayan ɗaya. Cikin kwando 10, abin da ya fita bai wuce 4 ba, shi ma a gurguje muka sayar da shi araha don ba wanda zai yarda ya ajiye shi ya zama daushe.

Don haka duk ɗan'uwan da zai shiga kurmi sayen goro a farkon kaka, ya tambayi wanda ya tsinko, ya je gindin bishiyar da ƙafarsa in da hali. In ka ga kwanso a zube a ƙasa da shatin haƙori, ka san me ke cikin buhunan ƙauyen. Ka ɗebo daga tsakiyar buhu, kada ka yarda da na sama, ka ɓare goma ko ashirin a gaban mai shi. Ka ba shi kwanakinsa ya yi zufa, ka riƙa kwancewa kana tsincewa kana sauya ganye. Kuma don girman Allah kada ka haɗa goron mutum biyu a kwando ɗaya, ko da rabin kwando za ka ɗauko.

Bana ma na koma, amma sai tsakiyar Oktoba, bayan na biya kawu rabin kuɗinsa. Samarin sun sake zuwa da buhunansu. Na kai wa tsohuwar turmin atamfa, na ce ta zauna kusa da ni, duk buhun da aka sauke ita ce ta fara sa hannu.