Daga Faris zuwa Garwa: Finafinan da Suka Tsaya Mini a Rai Bara

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na Garwa, da 'yan uwa na Marwa da Mora har zuwa Kusuri. Ina gaisuwa, ina yi muku barka da shan ruwa. Na san Maris ya kama, zafin bakin Binuwai ya sauka, ga azumi a kai. Allah ya ba da lada, ya karɓi ibada. Mu nan sanyi bai gama sakin mu ba tukuna.

Waɗanda suka san ni tun ina yaro a Yelwa sun san ni da son kallo. Halin bai bar ni ba. A nan Faris gidajen sinima sun yi yawa, har akwai unguwar da za ka wuce uku ko huɗu a ƙafa kafin ka gaji, kuma duk abin da na iya ragewa bayan kuɗin haya da saƙon gida, can yake tafiya. Na kalli finafinan Amurka masu tsada a shekarar 2024, na ji daɗin wasu, amma da na zauna zan rubuto muku sai na ga waɗanda suka ƙi barin zuciyata duk labarin 'yan nahiyarmu ne.

Na farkonsu shi ne L'Histoire de Souleymane, wato labarin Sulaimanu, na wani Bafaranshe mai suna Boris Lojkine. Ya fito a watan Oktoba. Saurayi ne ɗan ƙasar Gini, yana kai wa mutane abinci gida-gida a kan keke a cikin Faris, kuma kwana biyu suka rage masa ya zauna gaban jami'ar OFPRA, ofishin da ke yanke wa za a ba mafaka, wa za a hana. Fim ɗin kaf ɗinsa cikin kwana biyun nan yake.

Ina so ku gane yadda sana'ar take, don fim ɗin bai ƙara gishiri ba. Wanda ba shi da takardar izinin aiki ba zai iya yin rajista da sunansa a manhajar kai abinci ba. Sai ya karɓi hayar ta wani mai takardu. Shi zai tuƙa keken cikin ruwa da sanyi, shi zai hau bene, amma kuɗin a asusun wancan suke faɗawa, ya cire kasonsa, ya ba shi saura in ya ga dama. Kuma lokaci-lokaci manhajar takan nemi a ɗauki hoton fuska don ta tabbatar mai sunan ne ke aiki. Nan Sulaimanu zai ajiye komai, ya tsallaka gari da gudu ya nemo mai asusun ya leƙa wayar. Da asuba, ido bai gama buɗewa ba, zai kira lamba 115 ya kama gadon da zai kwana a kai daren gobe a gidan marasa matsuguni. Da dare akwai motar da ke kwasar su zuwa can. Wanda ta tafi ta bari, ƙarƙashin matakalar bene ne makwancinsa.

A kan wannan duka ga haddar ƙarya. Ya sayi labari a hannun wani ɗan ƙasarsu: wai shi ɗan jam'iyyar adawa ne, an kama shi, an ɗaure shi. Yana taka keke yana maimaita sunaye da ranakun da bai taɓa rayuwa a cikinsu ba, kamar almajiri mai tilawa kafin malam ya kira shi. Ranar ganawa, jami'ar ta saurare shi, sannan ta gaya masa cewa wannan labarin ta sha jin sa daga bakin wasu, ya ba ta nasa. Sai ya yi shiru, sannan ya fara maganar mahaifiyarsa, da ciwon tabin hankalin da ya sa mutane suka guje ta, da yadda ya fito don ya samu abin kula da ita. Babu kiɗa ko ɗaya a fim ɗin tun daga farko, babu kuma a nan. Ya fito daga ofis, allo ya yi baƙi, ba a gaya mana an ba shi ko an hana shi ba. Fitilu suka kunnu, mutane na zaune, ba wanda ya yi saurin tashi.

Yaron da ya fito a matsayin Sulaimanu, Abou Sangaré, bai taɓa yin fim ba. Bakanike ne a garin Amiens, kuma lokacin da ake ɗaukar fim ɗin shi kansa ba shi da takardun zama. An ba shi kyautar gwarzon jarumi a sashen Un Certain Regard na bikin finafinai na Cannes a watan Mayun 2024, yana nan dai ba takarda. Sai a Janairun 2025 aka ba shi izinin zama, a ƙarshen Fabrairu kuma ya karɓi kyautar César, babbar kyautar finafinai ta Faransa. Na yi masa murna har zuciyata. Sai dai duk dare in na biyo ta unguwar Barbès ina ganin irinsa a ƙofar gidajen abinci, jaka mai kusurwa huɗu a baya, an ɗaura leda a kan safar hannu saboda ruwa, ido na kan waya. In ka tsaya kusa za ka ji Fulatanci, ka ji Larabcin Cadi, wani lokaci ka ji Hausa. Su babu mai kiran su kan dandamali. Abin da ke zuwa muku gida hoto ne a gaban hasumiyar Eiffel da sabuwar riga, iyaye kuma su ji an ce yuro ɗaya sefa 655 ne su fara lissafi. Wannan fim ya nuna abin da ba ya shiga hoton.

Na biyu ɗan'uwan na farko ne, sai dai shi hanyar ya nuna. Io Capitano na Matteo Garrone, ɗan Italiya, ya iso gidajen sinimar Faransa a farkon Janairun 2024, bayan ya ci kyautar ba da umarni a bikin Venice na 2023. Yara biyu 'yan Dakar, Seydou da Moussa, suka tara kuɗi a ɓoye suka fita ba da sanin iyaye ba. Suka bi ta Mali da fasfo na jabu, suka sauka Agadas, suka hau bayan a-kori-kura zuwa cikin Sahara. Akwai wurin da wani ya faɗo daga motar, mutane na ihu, direba bai ko rage gudu ba. Akwai dattijuwar da ƙafa ta gaza mata a cikin yashi, Seydou ya koma ya riƙe ta, ayari na nisa. Daga nan sai kurkukun Libiya, inda ake azabtar da mutum har sai ya ba da lambar wayar gida a kira a nemi kuɗin fansa. A ƙarshe masu fasa-ƙwaurin suka damƙa wa yaro ɗan shekara 16, wanda ko iyo bai iya ba, tuƙin jirgin ruwa maƙare da mutane zuwa Sisili.

Fim ne mai kyau ƙwarai, kuma Seydou Sarr ya yi wasan da ya cancanci kyautar da aka ba shi. Amma ina da ja a kan ƙarshensa. An tsaya daidai inda yaron ya hango gaɓa, jirgi mai saukar ungulu na shawagi a kansa, yana ihu cewa shi ne kyaftin, ba wanda ya mutu a hannunsa. Ƙanina da ke zaune a tashar moto zai iya kallon wannan ya ce ai ga shi ya isa. Abin da ba a nuna ba shi ne, a Italiya wanda aka samu riƙe da tuƙin irin wannan jirgi kama shi ake yi da laifin safarar mutane, kuma samari da yawa sun shiga gidan yari ta wannan hanya. Shi ya sa nake cewa duk wanda zai nuna wa matasa wannan, ya haɗa musu da na Sulaimanu a dare ɗaya.

Na uku namu ne na gida. Le Spectre de Boko Haram na Cyrielle Raingou, 'yar Kamaru, a 2023 ya fito, ya kuma ci babbar kyautar bikin Rotterdam na ƙasar Holan a shekarar, amma ni sai bara Allah ya sa na same shi. A garin Kolofata, kusa da iyakar Najeriya, aka ɗauke shi, kuma ba wasan kwaikwayo ba ne, mutanen garin ne da rayuwarsu. Ba sai na tuna muku abin da Kolofata ta gani ba tun harin Yulin 2014, lokacin da aka sace matar mataimakin firaminista Amadou Ali. Na shiga ina fargabar za a nuna mini gawarwaki. Ba ta nuna ko ɗaya ba. Yara ta bi: wata yarinya da ta rasa mahaifinta a harin bam, da wasu yara maza biyu, wa da ƙani, da rikicin ya raba su da iyayensu. Ga makaranta, ga malami yana fama, ga soja da bindiga a bakin aji, ga ƙarar harbi daga nesa wadda yaran ba sa ko waiwayawa in sun ji ta. Wannan rashin waiwayen shi ya fi komai taɓa ni. Na ga kalar ƙasar, na ga duwatsun Mandara, na ga yadda uwa ke zama a tabarma tana yi wa 'yarta magana ƙasa-ƙasa. Turawan da ke gefena suna bin fassarar da ke ƙasan allo, ni kuwa hawaye suka hana ni ganin rubutun.

Fim ɗin Dahomey na Mati Diop ba zan daɗe a kansa ba. Ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a Fabrairun 2024, yana bin kayan sarauta 26 da sojojin Faransa suka kwashe daga Abomey, fadar tsohuwar masarautar Dahomey, a 1892, aka mayar wa Jamhuriyar Benin a Nuwamban 2021. Abin da na fi so a ciki muhawarar ɗaliban jami'ar Abomey-Calavi ce: wasu na murna, wasu na cewa 26 cikin dubbai raini ne. Na so a ce ɗaliban Marwa da Ngaundere sun yi irin wannan zama, tunda bincike ya nuna kayan tarihin Kamaru sama da 40,000 ne ke ajiye a gidajen tarihin Jamus.

Kada ku ce na manta da na Hausa. Ina bin Labarina a YouTube kamar yadda kuke bi, kuma na ji daɗi da Najeriya ta zaɓi Mai Martaba, fim ɗin Hausa da aka ɗauka a Daura, ta aika shi gasar Oscar. Abin da nake roƙon masu yi mana fim shi ne su fito da kyamara daga falo. Su dubi maƙwabcinmu Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Abeshe. A cikin Lingui na 2021, za ka ga mace a gefen Njamena tana farke tsohuwar taya da wuƙa, tana zaro wayoyin ciki, tana saƙa murhun gawayi da su, ta ɗora a kai ta shiga gari talla. Kafin ta buɗe baki ka riga ka san ko wace ce ita da abin da take ɗauke da shi. Masunta a Lagdo, mata masu soya ƙosai, manoman auduga da ke jiran kuɗinsu, direbobin da ke bin hanyar Mora zuwa Kusuri, duk labari ne a zube ba mai ɗauka.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Waɗannan finafinai an yi su da fuskokinmu da harsunanmu, amma ni da ke Faris na fi ku samun ganin su cikin sauƙi. Gidajen sinima uku na ƙarshe a Kamaru, Abbia a Yawunde, Wouri a Duwala da Empire a Bafusam, an rufe su a Janairun 2009. Da sabuwar sinimar Canal Olympia ta buɗe a 2016, a Yawunde ta buɗe, sannan Duwala. Daga Garwa zuwa can tafiyar yini da kwana ce. A Cadi kuwa, bayan Haroun ya ci kyauta a Cannes a 2010 da Un homme qui crie, an gyara sinimar Normandie ta Njamena aka sake buɗe ta a 2011, bayan ta shekara da shekaru a kulle.

Ba sai mun jira gini ba. Iyayenmu sun san majigi: farin ƙyalle, fili, jama'a a kan tabarmi. Yau na'urar haska hoto da ƙaramin janareto sun wadatar. Akwai ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant da ke yawo da finafinai ƙauye-ƙauye a Kamaru da Cadi, akwai kuma Alliance Française a nan Garwa. Ina roƙon malaman makarantu da shugabannin ƙungiyoyin matasa, bayan Sallah ku je ku tambaya. A nemi izinin masu fim ɗin yadda ya dace, kada a sauke na sata, don su ma guminsu ne. A samu mai murya ya tsaya gefe yana fassara wa iyayenmu mata da Hausa da Fulatanci, tunda su ne ke sayar da akuya da ɗan kunne in yaro ya ce zai tafi. In an gama a bar mutane su yi magana, musamman waɗanda suka je Libiya suka dawo.

Ni daga nan zan iya rubuta wa kamfanonin da ke rarraba finafinan, in bi sawun takardar har a samu amsa. Duk ƙungiyar da ta shirya ta sanar da ni ta hannun 'yan gidanmu, ta faɗi fili da adadin mutanen da take sa rai, don shi za su fara tambaya.

A gaishe mini da dattawa, a yi mana addu'a a goman ƙarshe. Allah ya kai mu Sallah lafiya.

Naku,
Ɗan Garwa mazaunin Faris