Darussa daga hidimar waɗanda wahala ta kawo wurin Yesu

Duk wanda ya daɗe a hidimar ziyara a ikkilisiya ya san cewa mutane da yawa ba cikin murna suke zuwa wurin Yesu ba. Rasuwar ɗa ce ta kawo su, ko mutuwar aure, ko doguwar jinya, ko shaye-shayen da ya raba su da komai. Abin da ya fi ɓata warkewarsu kuwa shi ne gaggawar mu masu taimako. Sauri kan haifi nawa.

Da jiki ake farawa. A 1 Sarakuna 19, annabi Iliya ya gudu jeji yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya bar shi ya koma barci, sannan ya sake tashe shi ya ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb aka shiga zancen aikinsa. Saboda haka tambayoyin ziyarar farko masu sauƙi ne: ɗan'uwa, kana samun barci? Yaushe rabonka da abinci? Wa ke kwana tare da kai a gidan? In mutum ya kai mako 2 cikin baƙin ciki kusan kullum, ba barci, ba marmarin komai, a raka shi wurin likita, domin yana iya zama ciwon damuwa. In ya ce gara ya mutu, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum wannan tunani. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke magunguna da guba daga inda yake, a kai shi asibiti a ranar. Kada kuma wani ya ce ya bar shan magani don ya nuna bangaskiya. Ciwon yakan dawo, sai ya ɗauka Allah ne ya yashe shi.

Sai a ba kuka wurinsa. Abokan Ayuba sun yi kwana 7 a zaune tare da shi ba su ce uffan ba. Ɓarnar ta fara ne da suka soma neman laifin da ya jawo masa bala'i. Romawa 8:28, wadda ta ce komai yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah, gaskiya ce, amma mai sabon makoki yakan ji ta kamar ana cewa ya yi shiru. Zabura 13 da 88, waɗanda addu'o'in kuka ne, sun fi dacewa da makonnin farko. Ta 88 ma da duhu ta ƙare, kuma tana nan cikin Littafi Mai Tsarki. Wanda ya gane an yarda ya kai wa Allah ƙararsa ba ya barin addu'a.

Gafara dabam, sulhu dabam. Matar da ta tsere wa duka tana iya yafewa a gaban Allah ba tare da ta koma gidan ba. Tilasta mata komawa da sunan gafara jefa rayuwarta cikin haɗari ne, kuma dattawan ikkilisiya su ne ya kamata su fara faɗin haka.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen ba da shaida. Labarin sabon tuba yana da daɗin ji, sai a yi maza a tsayar da shi gaban jama'a. In daga baya ya sake faɗawa cikin shaye-shaye, kunya ta hana shi dawowa sujada. Yusufu yana shekara 17 aka sayar da shi, yana 30 ya tsaya gaban Fir'auna, kuma sai bayan mutuwar mahaifinsa ya faɗi maganar Farawa 50:20, cewa 'yan'uwansa sun nufe shi da mugunta, amma Allah ya nufi alheri. Mai wahalar ne zai gano wannan da kansa, a lokacinsa. Kafin nan a ba shi ƙaramar hidima da za ta riƙa fito da shi daga ɗaki, kamar shirya kujeru ko raka wani ziyarar asibiti.

Bayan 'yan makonni masu gaisuwa sukan ɗauke ƙafa, a nan ne kaɗaici ke tsananta. A naɗa mutum 2 da za su riƙa zuwa wurin mai wahalar bi da bi, sau ɗaya a mako, har shekara ta zagayo, su kuma rubuta ranar da abin ya faru don kada ta same shi shi kaɗai.