Juma'ata ta farko a Gwanzu

Yau kwanana biyar a birnin Gwanzu na ƙasar Sin, kuma sai yau zan iya cewa na ci abinci har cikina ya ɗauka. Tunda muka sauka ni dai daga garin kwaki da sukari sai kilishin da Umma ta ƙulle min a jaka sai shayi da biredi a ɗaki, duk gidan abincin da muka wuce zuciyata ba ta kwanta ba, ga ƙamshi yana jana amma ina tsoron naman alade, don tun a Kano aka faɗa min a nan ko ganye ne ana iya soya shi da kitsensa. Kawu ashe ya lura. Da safe muna shirin fita yace, "Kai yaro, sati biyu za mu yi fa, da garin kwaki za ka yi ta zagayen kasuwa? Yau Juma'a, taho in nuna maka inda Musulmi ke ci."

Masaukinmu a Shawbei yake, unguwar da baƙaƙen fata da Larabawa suka fi yawa, in kana tafiya za ka ji Faransanci, ka ji Larabci, jefi-jefi ka tsinci Hausar 'yan Nijar. Kawu ya tsayar da ni gaban wani ƙaramin shago ya nuna min wasu haruffa biyu na Sinanci a kan koren allo, yace in haddace su kamar yadda na haddace lambar wayata, cinjan ake karanta su, ma'anarsu abincin halal. Na ɗauke su hoto. Masu shagon 'yan ƙabilar Hui ne, mazan da fararen huluna, matar da ke karɓar kuɗi da ɗankwalinta har wuya, ina yin sallama kuwa suka amsa min cikakkiya. Wallahi sai da na ji wani abu a ƙirjina.

Tebura shida ne kacal a ciki, hotunan abinci a jikin bango da farashi, kawai ka nuna da yatsa. Kawu ya ce mana lamiyan biyu, wato taliyar da ake ja da hannu irin ta garin Lanjou. Ni kuma na kasa zama, na tsaya bakin tagar kicin ina kallon wani saurayi da bai fi sa'ana ba, ya yanko curin kwaɓin fulawa ya murza shi ya yi tsawo, ya kama baki da baki ya ja har iya buɗewar hannuwansa, ya ninka ya sake ja, ya ninka ya sake ja, yana ɗan maka shi a kan tebur, kowane ninki siraran na ninkuwa biyu, kafin minti ɗaya curin nan ya zama zare-zare a tsakanin yatsunsa ya wurga cikin tafasasshen ruwa. Ba inji, ba wuƙa. Har tambayarka suke yi siririya kake so ko mai faɗi, na nuna siririya.

Abin da ya tsayar da ni a wurin ba gwanintar kaɗai ba ce. Umma na tuno. Muna yara taliyar Hausa take yi ta sayarwa, ita tana kwaɓi tana saka wa injin nan na hannu, Yaya na juya marikin, ni kuma aikina in kwashi siraran a hannu biyu in kai igiyar tsakar gida in shanya, in iska ta kaɗo ɗaya ƙasa in ɗauke in hure. Da kuɗin taliyar nan aka biya min abubuwa da yawa na makaranta. Ban taɓa kawowa a raina zan zo ƙarshen duniya in tarar da wani yana neman halalinsa da kwaɓin fulawa haka ba.

Kwanon da aka kawo babba ne, romon naman shanu garai-garai ba kauri, yankan nama siri-siri kamar guda biyar, wata farar saiwa da aka yanka fale-fale, jan mai mai barkono yana yawo a sama, sai ɗanyen ganye mai ƙarfin ƙamshi da aka barbaɗa. Kuɗinsa yuwan 15, kuɗin Sin ke nan. Romon nan ba ya dukan harshe kamar farfesunmu, a hankali yake shiga, sai ka kai rabi za ka ji gumi ya karyo maka. Taliyar kuma tana da danƙo, sai ka tauna ta, ba irin Indomie ba ce da ke narkewa a baki. Ganyen ne dai bai yi min ba, na ture shi gefe. Naman ma gaskiya ya yi kaɗan, Kawu yace in kana so a ƙara sai ka biya daban. Na gwada tsinkayen nan biyu da suke ci da su taliyar tana zamewa, matar ta hango ta kawo min cokali mai yatsu ba tare da na tambaya ba, ta haɗo da kofin ruwan zafi, don su ruwan zafi suke sha ko ana wannan zafin mai damshi. Na shanye romon tas.

Daga nan muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 5 tasha ɗaya zuwa babbar tashar jirgin ƙasa, muka canza layi na 2 muka sauka a Yuweshiyu. Masallacin da muka yi Juma'a shi ne wanda mutanen nan ke cewa kabarin Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas yana cikin harabarsa, mu dai a Islamiyya an karantar da mu a Madina aka binne shi, amma ka ga yadda suke girmama wurin sai ka yi shiru. Sahu ɗaya ga ɗan Sin ga ɗan Pakistan ga ɗan Mali ga ni.

Ana sallamewa sai ga wajen masallaci ya zama kasuwar abinci, hayaƙi ko'ina. 'Yan Uigur na yankin Shinjan suna gasa naman rago a tsinken ƙarfe, tsire dai sak, sai dai babu ƙuli-ƙuli, gishiri ne da barkono da wani ɗan iri mai ƙamshi da suke kira ziran, kuma suna saka kitse guda a tsakiyar tsoka yana ɗiga kan gawayi. Na ci tsinke huɗu, Kawu ya ci shida. Na sayi gurasarsu da suke kira nan, faffaɗa mai kauri a gefe da riɗi a kai, a jikin tanderu ake manna ta kamar yadda matan Jakara ke yi, amma tasu ta fi tauri, za ta kwana biyu ba ta lalace ba, shi ya sa na ƙara guda biyu don karin safe. Akwai wani ɗan burodi kuma mai nikakken naman rago da albasa a ciki, da zafinsa, shi kam da na san haka yake da uku zan saya. Kowa da waya yake biya ta wata manhaja mai suna WeChat, ni da takardar kuɗi na miƙa sai da mai tsiren ya je maƙwabta neman canji.

La'asar zuwa magariba muna Sanyuwanli wajen takalma, ba abin da zan rubuta sai ciwon ƙafa da danna kalkuleta.

Da daddare Kawu ya gaji ya kwanta, ni na koma shagon safe ni kaɗai, wannan karon shinkafa na nuna, irin wadda ake zuba miya ko soye a kanta a faranti ɗaya, gaijawfan. Na zaɓi ta tumatir da ƙwai don ita ce na gane a hoto. Ba ta kai taliyar ba ko kusa. Shinkafarsu gajera ce mai manne wa juna, ba gishiri ba mai, tumatir ɗin kuma akwai zaƙi-zaƙi a ciki kamar an sa sukari, bakina bai saba ba, raina sai ya tafi wajen garau-garau da mai da yaji da ɗan salak. Allah ya sa da ƙullin yajin Umma a aljihuna, na barbaɗa, nan take ta gyaru. Saurayin nan mai jan taliya ya leƙo yana kallon ƙullin, na miƙa masa ya dangwala ya ɗanɗana, ya ɗaga min babban yatsa yana tari yana dariya. Na ga wani a gefena yana cin ta dankali da naman shanu, gobe in sha Allahu ita zan gwada.

Ƙarfe 10 na dare na samu WhatsApp ya shiga da VPN, manhajar da ke buɗe abin da aka toshe a intanet, a gida ƙarfe 3 na rana, awa 7 ke tsakaninmu. Na tura wa Umma bidiyon jan taliyar da na ɗauka sannan na kira. Tace ta kalla sau uku, "Ikon Allah, to shi wannan ba ya shanyawa?" Nace a'a Umma, daga hannu sai tukunya. Ta yi shiru kaɗan, sai tace in tambayo mata me suke sakawa a kwaɓin da ba ya tsinkewa. Na ce mata to. Na riga na rubuta tambayar a manhajar fassara na ajiye, da safe kafin mu wuce kasuwa zan nuna masa.